Baitin da Ba Nasa Ba

A tsibirin Leros, a gidan da ke kallon tashar jiragen ruwa,
ɗalibai kan hawo matakala sittin da huɗu
su ga kujerar Zafiris,
da tabaraunsa mai ƙafa ɗaya,
da ni, Evanthiya, ragowar tarkacensa.

Jiya wata ta zo daga Atina, Smaragda,
littafinsa a hannunta ya sha jan alƙalami.
Ta ce, "Kaka, wace ce matar?
Wadda ya ce gishirin wuyanta
ya kashe masa ɗanɗanon abinci shekara bakwai?
Malamanmu sun rabu gida biyu:
wasu sun ce 'yar ruwa ce ta tatsuniya
mai kiran masunta da sunan yarinta,
wasu sun ce matar wani likita ce a Izmir."

Na zuba mata gahawa, na yanka mata ɓaure.
Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba.

Zafiris mutumin kirki ne, ƙasa ta yi masa sauƙi.
Yana son so yadda mai tari ke son teku:
daga taga, da bargo a kafaɗa.
Ya iya ƙirga gaɓoɓin baiti da yatsu,
ya san allolin mutanen dā
da suka rikiɗa sa ko tsuntsu
don su kai ga budurwa a bakin rafi,
amma hannunsa, in ya taɓa ni,
na mai laluben ashana ne cikin duhu.

Ni ke buga masa rubutu a tafireta
bayan ya yi barci baki buɗe.
Can ƙasa, bakin gaɓa, fitilar Lambros na ci,
Lambros mai toshe ɓarakar kwalekwale da kwalta,
wanda bai taɓa karanta baiti ba.
Ranar da iska ta fizge mini ɗankwali
ya cafe shi, ya miƙo,
babban yatsansa ya bar baƙin tabo a wuyan hannuna.
Kwana uku ban wanke wurin ba.
Iyakar zunubin ke nan,
iyakar rabon kuma.

A daren na uku takardar mijina ta zo da gurbi,
ya rubuta a gefe: a nan ana bukatar wuta.
Yatsuna ba su yi shawara da ni ba.
Na sa gishirin, na sa wuyan, na sa shekarun,
na ɗaura wa namiji zane don asiri ya rufu.

Da safe ya karanta, ya cire tabarau,
ya dube ni tsawon tafasar ruwa,
ya ce, "Ashe na fi yadda nake zato."
Bai ƙara ba, ban ƙara ba.
Sai dai tun daga ranar
gurbi ya yi ta yawa a takardunsa,
kuma shi da kansa yake zuge mini labule
ta wajen da fitilar take.

Lambros ya tafi Ostareliya,
an ce ya mutu da jikoki tara.
Zafiris ya sami titi mai sunansa.
Ni na sami ɗalibai.

Yarinya tana jira, alƙalami a sama.
Na ce, "Rubuta 'yar ruwa ce.
Su ba sa tsufa, ba sa ciwon gwiwa."

Ta rubuta. Da za ta tafi ta sumbaci hannuna,
daidai wurin,
ta ɗago ta ce, "Me ke warin kwalta a gidan nan?"

Jirage ne, 'yata, iska ce ta juyo.
Kula da matakala ta tara, a tsage take.